Sensar totur: ɗaurawa kawai ake yi ko sai an saita ta?

Baban_Sadiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Honda Accord, wadda ake kira Baby Boy, 'yar 2000, atomatik, mai silinda huɗu. Wata biyu ke nan tana min wani hali. In na ɗan ɗora ƙafa a totur, irin tafiyar da ake yi a cunkoson kasuwa, sai ta riƙa fizga kamar ana ja ana saki. Giya daga ɗaya zuwa biyu kuwa da duka take shiga. Da fitilar cek ta kama na kai ta aka sa mata kwamfuta a nan Birnin Kebbi, ta nuna P0122, mai kwamfutar ya ce sensar totur ce, wadda suke kira TPS, mai gaya wa motar iya inda aka taka totur. Na aika Kano aka sayo min sabuwa a kwali, bakanikena ya ɗaura.

To tun ranar abin ya ƙara dagulewa. Silo, wato juyin injin in ba a taka totur ba, ya haye wajen 1,500 ya ƙi saukowa, giya sai injin ya yi ta kuka kafin ta canza, mai kuma kamar ana zubar da shi. Jiya na je Jega na dawo, abin da allurar mai ta yi sai da gabana ya faɗi. Yanzu bakaniken ya ce sensar jabu ce, wai in nemo bakin injekta, wato mashigar iskar da sensar ke jikinsa, gaba ɗaya ɗan Beljiyam. Kafin in sake kashe kuɗi nake tambaya: wannan sensar ɗaurawa kawai ake yi, ko akwai saitin da ake mata?

ƊanArgungu:
Wa alaikumus salam. Kawo ta Argungu mu jefa ta Matan Fada, ƙila a kamo maka wata lokacin biki. Allah ya sawwaƙe dai.

Rewaya_Jega:
Alhaji, ka ce ka zo Jega jiya, da ka tsaya da minti goma ya isa. Ana saita ta mana. Ka duba ramukan sukurori biyu da ke jikinta, ba zagayayyu ba ne, dogaye ne, don a iya ɗan juya ta hagu ko dama kafin a ɗaure. Wanda ya ɗaura ba tare da ya sa mitar auna wuta ba, caca ya yi da motarka.

Wayoyi uku ne ke shiga soket ɗinta. Ɗaya na kawo wuta 5V daga burenbos, wato kwamfutar motar, ɗaya ta ƙasa ce, wato negatif, ta tsakiya kuma, ja mai ratsin baƙi, ita ke mayar wa burenbos labarin inda totur yake. A buɗe makulli amma kada a tayar da injin. A soka siririyar allura ta bayan soket ɗin ta taɓa wayar tsakiya ba tare da an cire shi ba, a ɗora jan bakin mita a kanta, baƙin a wayar ƙasa. Totur a rufe ya kamata ka ga 0.5V, a buɗe har ƙarshe wajen 4.5V. In ba haka ka gani ba, a sassauta sukurorin, a juya a hankali har ta zo 0.5, a ɗaure, a sake aunawa, domin wurin ɗaurewar ma takan goce.

Baban_Sadiya:
@Rewaya_Jega wallahi a gabana aka yi aikin, ban ga mita ba. Guduma da cizal na gani, don ya ce tsofaffin sukurorin ba su da kai.

Usta_Gusau:
Wannan ɗin bakaniken gaskiya ya faɗa. Honda da gangan suke ɗaure ta da sukurorin da kansu ke karyewa in sun ɗauru, don kada a taɓa, saboda a wurinsu sensar da bakin injekta abu ɗaya ne, tare ake sayarwa. Amma ba a sa guduma a wurin nan. Mu ciro bakin injektan muke yi mu ɗora a tebur, mu yanka tsagi a kan sukurun da zarton ƙarfe, sai sukudireba ta kama. In ya ƙi, a ɗan ƙwanƙwasa gefensa ya juyo. Wanda ya daki wurin da ƙarfi yana iya lanƙwasa sandar da batafulai, wato faifan da ke buɗe wa iska hanya, ke kai, ka ga an fita daga ƙaramar magana an shiga babba.

Sannan ina da ja kan maganar abokina na Jega. Ku rewaya da an kawo muku mota sai ku ce waya. Shekarata ashirin da wani abu a gareji, silon Honda da ya haye, a cikin goma bakwai datti ne ko iska na shiga ta inda bai kamata ba. Da aka ciro bakin injektan an sa sabon gasket kuwa? Ko tsohon da ya yage aka mayar aka shafa masa gam?

Rewaya_Jega:
Oga Usta, girmanka ne, amma ka sake karanta abin da ya rubuta. Kafin a canza sensa silo lafiya yake, fizga kawai take. Ranar da aka canza ya haye, giya kuma ta fara jinkiri. Yagaggen gasket zai ɗaga silo, na yarda, amma me ya haɗa shi da jinkirin giya? Burenbos ne ke ganin kamar ƙafar Alhaji na kan totur alhali ya ɗauke, shi ya sa yake riƙe giya yana ƙara mai.

Usta_Gusau:
To mu gani a ƙasa. A auna ɗin.

Direban_Sharon_Ƙaura:
Ni dai abin da nis sani, motar da anka ce sai kwamfuta ka gane ciwonta ba motat talakka ba ta. Golf ɗina da ta dame ni da wanga ciwo, munka tai Gusau, munka cire injekta dut munka sa mata kafireto. Shekara huɗu ina lodin Ƙaura zuwa Gusau da ita ban ƙara jin sunan sensa ba. In ta yi tari, sukudireba guda ta isa.

Malam_Tsafe:
Direba, Golf 3 daban, Honda atomatik daban. Giyar Baby Boy da labarin wannan sensar take aiki, in ka sa kafireto wa zai gaya mata lokacin canzawa? Kuma ita Golf ɗin mai injekta ɗaya a tsakiya, tata sensar a manne take da gindin injektan, daga masana'anta aka saita ta, shi ya sa masu gyara ke gajiya su koma kafireto. Ba wai ya fi ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ka lissafa abin da kafireton ke sha maka a wata?

Direban_Sharon_Ƙaura:
Malam, fasinja ka biya, ba ni ba.

Maman_Khalifa:
Ashe ku ne ke tsawwala mana kuɗin mota. Allah ya shirye ku.

Ni tambaya gare ni tunda an zo wurin. Corolla ce da ni 'yar 2010. Ranar nan na fito daga wurin aiki zan ɗauko yara, ina kan titi sai kawai ta ƙi jan wuta. Ina taka totur har ƙasa amma tafiya take kamar amalanke, da ƙyar na lallaɓa gefe. Na kashe na jira kaɗan na tayar, ta dawo daidai. Sau uku ke nan. Ita ma a juya mata sensar a kai 0.5 ɗin?

Injiniya_Yauri:
Hajiya, kada ki bari kowa ya kusanci taki da wannan niyyar. Motar Baban Sadiya akwai kebul daga feda zuwa bakin injekta, ƙafarsa ce ke buɗe batafulai kai tsaye. Taki babu kebul. Feda na da sensa, bakin injekta na da sensa, kowacce kuma layi biyu take aikawa, sai wani ɗan injin lantarki ya buɗe batafulai da umarnin burenbos. Yana ta gwada layukan nan biyu da juna. Da zarar ya ga maganarsu ta saɓa, sai ya ƙi yarda da kowa, ya rage ƙarfi don kada motar ta kwasa da ke da kanta. Abin da kika gani ke nan. A irin wannan yawanci kwamfuta kan nuna P2135 ko wata lamba kusa da ita. Babu abin juyawa, sensar a rufe take cikin murfin. A fara duba soket da wayoyi da ƙarfin batir, a wanke bakin injektan, in duk lafiya sannan a yi maganar canza shi.

Kuma ki ce wa yaron garejin kada ya tura yatsa cikinsa makulli na buɗe. Wannan ɗan injin yana da ƙarfin da zai datse masa yatsa.

Maman_Khalifa:
Na gode Injiniya. Sai yanzu na tuna, satin da abin ya fara ne aka wanke min injin a wurin wankin mota, da injin feshin nan mai ƙarfi.

Rewaya_Jega:
Shi ke nan, Hajiya ta kamo ɓarawonta da kanta. Rabin abincina daga masu wankin mota yake zuwa, Allah ya ƙara musu kasuwa. Ruwa ya shiga soket ya kwana, sai ƙarafunan ciki su yi kore.

Bakatsine_a_Kabi:
Ni mamakin da nake, Bakabe da mota har da tambayar sensa. Baban Sadiya ka koma wa kwalekwalenka, shi ba ya nuna fitilar cek.

Baban_Sadiya:
@Bakatsine_a_Kabi shinkafarmu ce dai ta riƙe ka a garin nan, ci ka yi shiru. Gobe in sha Allahu zan nemi mai mita.

Alhaji_Kamba:
Ni shawarata ta bakaniken ce. Na daɗe ina harkar motoci tun lokacin da ake shigo da 'yan Kwatano ta nan iyakar, kafin a hana shigo da su ta ƙasa a farkon 2017. Abin da na koya shi ne, a kayan lantarki tsohon asali ya fi sabon kwali. Kwalin za ka ga an buga suna mai kyau, ka buɗe ka ga robar ma ba ta yi kama ba. Na taɓa sa wa wata Honda tawa irin wannan har sau biyu cikin wata shida. Daga ƙarshe bakin injekta na sa aka ɗauko min daga Fanteka a Kaduna, da sensarsa ta asali a jiki, sukurorin ba a taɓa su ba. Aka ɗaura, ba mita ba komai, har na sayar da motar ba ta ƙara magana ba.

Malam_Tsafe:
Alhaji, sa'a ka yi. Ɗan Beljiyam ɗin nan shi ma ya haura shekara ashirin a duniya. Cikin sensar ba wani abu ba ne illa 'yar hanya ta baƙin gawayi da wani siririn ƙarfe ke gogawa a kai, kamar abin ƙara murya na tsohuwar rediyo. Kun tuna yadda yake ƙarar yashi in an murɗa shi? To haka. Inda ƙafa ta fi zama, wato farkon totur, nan ke fara cinyewa. Shi ya sa motar Baban Sadiya ke fizga a tafiyar kasuwa amma ba ta yi in ya ba ta wuta sosai. Wanda za a ɗauko daga Fanteka ko Ƙofar Ruwa ba ka san nawa ya rage masa ba. In za a saya, a je da mita a gwada shi a gaban mai kayan.

Injiniya_Yauri:
Ƙari kan maganar Malam: ba farko da ƙarshe kawai ake dubawa ba. A buɗe totur a hankali ƙwarai, ido na kan mita. Lambar ta riƙa hawa sumul, kada ta yi tsalle, kada ta faɗo ta sake tashi. A nan tsohuwar mita mai allura ta fi ta zamani, don allurar za ka ga ta yi rawa daidai wurin da ya cinye, mai lambobi kuwa takan wuce wurin ba ta nuna ba. A kuma ɗan ƙwanƙwasa sensar da gindin sukudireba, a girgiza wayoyin, a ga ko lambar za ta motsa. P0122 cewa kawai take wutar da ke dawowa ta yi ƙasa da ƙima. Ba ta ce sensa ta mutu ba. Wayar da ɓera ya ɗanɗana ma haka za ta nuna.

Sani_Mafara:
Ni fa ina da 'yar na'urar nan ELM327 da ake sokawa ƙarƙashin sitiyari a haɗa da waya. Accord ɗina tana nuna min totur kashi 10 cikin 100 ko ban taka ba. Na ɗauka tawa ma ta lalace, har na fara tunanin juya ta ta koma sifili.

Rewaya_Jega:
Kul, ƙanena! Lafiyarta ƙalau. Raba 0.5 da 5 ka ga abin da zai ba ka. In ka taka har ƙasa kuma wajen 90 za ka gani, ba 100 ba. Da gangan aka bar sarari sama da ƙasa, don in waya ta tsinke ko ta haɗu da wata, burenbos ya ga sifili ko 5 cur ya gane akwai matsala. Ka mayar da ita sifili ka kunna wa kanka fitilar cek da hannunka.

Usta_Gusau:
Tunda ana ta lissafi bari in faɗi wanda mita ba ta gani. Akwai ɗan sukurun da batafulai ke zama a kansa in ya rufe, daga kamfani aka saita shi har da ɗigon fenti. Yaran gareji in mota na mutuwa a silo, maimakon su wanke bawul ɗin silo, sai su murɗa wannan sukurun ko su ɗaure kebul ɗin totur tam. Sai batafulai ya daina rufewa duka. Ka zo ka saita sensa a 0.5 a kan batafulan da yake a buɗe, ka gina ɗaki a kan rami. Kebul ɗin Honda ana so ya yi ɗan sako-sako, in ka danna shi da yatsa ya motsa kamar milimita 10 zuwa 12. A fara da wannan kafin mita.

Kuma masu fesa maganin wanke kafireto kamar suna kashe sauro, ku riƙa kiyaye gefen da sensar take. Yana bin sandar ya shiga ciki ya cinye ta. A fesa a tsumma a goge. Da ƙurar hunturun nan tamu dole a riƙa wankewa, amma da hankali.

Rewaya_Jega:
Wannan kam na sara maka, Oga.

Tsohon_Direba_Zuru:
Yara ku kuna da sauƙi. Tsofaffin Toyota irin Camry Orobo sensarsu waya huɗu ce, ta huɗun maɓalli ne da ke gaya wa burenbos an ɗauke ƙafa. Da filagejin saita bawul, siraran ƙarafan nan na auna tazara, ake saita ta. A sa siriri tsakanin sukurun da marikin totur, mita ta nuna a haɗe, a sa wanda ya ɗan fi shi kauri ta nuna a rabe. Wani Bayarabe da ya yi mana aiki shekarun baya shi na ga yana yi, ya fi rabin awa a kan abu ɗaya yana waƙa. Motar nan har ta tsufa silonta kamar agogo.

Baban_Sadiya:
Jama'a na dawo da labari. Na sami wani yaro rewaya mai mita a bayan tasha. Kebul lafiya, fentin sukurun nan da Usta ya faɗa yana nan ba a taɓa ba. Da ya soka allura, totur a rufe mita ta nuna 0.93. Ya sassauta ya fara juyawa. Abin dariya, ɗan motsin da ido ma ba ya gani sai lamba ta yi tsalle daga 0.7 zuwa 0.3. Sau huɗu yana kai ta 0.5, da ya ɗaure sai ta koma 0.56 ko 0.44. Daga ƙarshe ni na riƙe masa sensar da babban yatsa yana ɗaure sukurorin kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan, muka tsaya a 0.49. A buɗe duka ta ba da 4.4. Ya cire kan batir na ɗan lokaci ya mayar.

Giya ta dawo sumul wallahi, fizgar ma babu. Na je har Kalgo na dawo. Sai dai silon bai gama zama ba. Ya sauko, amma in na tsaya yana hawa yana sauka tsakanin 800 da 1,200 kamar mai numfashi.

Rewaya_Jega:
Alhamdulillahi. Oga Usta, ina jiran goron da ka ci.

Usta_Gusau:
Wane goro? Ka karanta ƙarshen maganar tasa. Mai numfashin nan nawa ne. Ko gasket, ko bawul ɗin silo ya toshe, ko iska ta shiga layin ruwa lokacin da aka cire ƙananan tiyo biyu da ke bi ta wurin. Alhaji, ka sa a cika lagireto a fitar da iska, sannan injin na aiki a ɗan fesa maganin kafireto a bakin gasket ɗin, nesa da sensar. In sautin injin ya canza, ka ga inda take shan iska.

Injiniya_Yauri:
Kuma bayan cire batir ana so ta sake koyon silo. A riƙe ta a 3,000 har fanka ta tashi, sannan a bar ta a silo kamar minti biyar, ba esi, ba fitila, ba rediyo.

Baban_Sadiya:
Injiniya, fankata ai da na murɗa makulli take tashi. Tun da na sayi motar aka haɗa ta kai tsaye, aka cire tamostat mai daidaita zafin injin, aka ce na ƙasar sanyi ne.

Injiniya_Yauri:
Inna lillahi. To ai ga wata sabuwa. Injin da ba ya kai zafin da aka ƙera shi a kai, burenbos ɗauka yake har yanzu safiya ce, ya yi ta ƙara mai yana ɗaga silo. A mayar da tamostat a gyara fankar.

Direban_Sharon_Ƙaura:
Tamostat cikin zahin Afrilu? Injiniya kana son ka ƙone mishi gasket na sama. Mu nan ko sabuwa ta zo sai mun cire shi.

Alhaji_Kamba:
A nan ina bayan direba. Wanda bai taɓa tsayawa da mota tana tafasa tsakanin Bunza da Kamba da azumi a baki ba shi ke wannan maganar.

Malam_Tsafe:
Motocin da ke yawo a Saudiyya da tamostat ɗinsu suke, kuma ba mu fi su rana ba. Lagireton da ya toshe da ruwan rijiya shi ke tafasa mota. Amma wannan a buɗe mata wani zaren daban, kada mu ɓatar da mai tambaya.

Maman_Khalifa:
Ni dai an buɗe soket ɗin tawa, ga kore nan kamar gansakuka. An wanke an busar. Kwana biyu ba ta yi ba, ina dai saurare.

Baban_Sadiya:
Wani abu kuma. Tsohuwar sensar tana cikin but, na ba yaron ya gwada don in san gaskiya. Ya sa mitar a kanta ya juya a hankali sau da yawa, bai ga inda ta yanke ba. Amma ya nuna min wayar tsakiya dab da soket, an taɓa naɗe ta da salatif, a ciki silin biyu ne kawai suka rage. Ya yanke ya yi mata dalma. Yanzu ban sani ba, ita ce ta mutu tun farko ko wayar ce ta sa na yi asarar kuɗi?

Rewaya_Jega:
Mitarsa mai allura ce ko mai lambobi?

Baban_Sadiya:
Mai lambobi.

Rewaya_Jega:
To kada ka yar da ita. Ranar kasuwar Jega ka biyo da ita, ina da mai allura. Ka zo da gasket sabo, kada Usta ya ce mun ƙi jin maganarsa.